Layin da Dakta Ta Goge

Layin ya fito a allon kwamfuta da hantsi, Dakta na gutsirar busasshen biredin jiya. Siriri ne, tsaf, yana ɗan hawa yana sauka.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana farautarsa. Akwai matattun taurari, ƙanana amma masu nauyin bala'i, da ke juyi kamar katantanwa suna zagaya wani tauraron. Lissafi ya ce juyin nan na girgiza sararin samaniya ba fashi, girgizar da ba ta kai ƙwayar zarra ba. Don jin ta aka gina na'urar cibiyarsu, kuma siririn layi irin wannan ne zai nuna an ji ta, amma shiru kake ji. Ga shi an ba su wa'adi: in bana ma babu, a rufe.

Sai dai gidan na da al'ada. Baba Injiniya, tsohon da ke kula da na'urar, yakan cusa siginar bogi a ɓoye don gwada masu bincike, ya rubuta ya liƙe a ambulan. Sau biyu Dakta na afkawa tarkon. A na biyun har ta buga wa mahaifiyarta waya tana kukan murna, ta tsaya gaban zaure cike maƙil ta yi bayani, sannan aka farke ambulan, ashe bogi ne. Tafin tausayin da aka yi mata ya fi mari ciwo. Tun daga ranar Baba bai ƙara iya haɗa ido da ita ba.

Ta ƙura wa layin ido. Kai, kyan ya yi yawa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

"Ba da ni ba, Baba," ta ce a ranta. Ta goge shi daga jerin abubuwan da na'urar ta kama, ta rubuta rahoton ƙarshe: ba a ga komai ba.

Aka rufe kuwa. Aka kwance maduban na'urar, aka share kwamfutoci tas aka kai wani sashe. Abokan aiki suka watse, ita kuma ta ji zuciyarta ta mutu murus.

Ranar miƙa makullai ta tarar da tsohon zaune kan akwatin kayan aikinsa. Ta ƙaƙaro murmushi.

"Baba, na bana ya tsaru, wallahi. Saura ƙiris ka sake kayar da ni."

Ya ɗago a hankali. "Na bana kuma? 'Yata, tun ranar da na ga kin fita zauren nan kina share hawaye na rantse. Ban sake saka komai ba."