Mai Daka a Bayan Bango

Ƙarfe tara da kwata Nu'uman ya faɗo asibitin da gudu, farar rigarsa a hannu, shatin tabarma a kumatu. Dakta Rashida, shugabar wurin, ta dubi agogo, ta dube shi, ta ci gaba da rubutunta. Karo na huɗu ke nan a mako guda.

Ɗalibin likitanci ne, ɗan aji biyar, an turo shi Safana aikin koyo na mako shida. Dokar ba ta da wuya: bakwai da rabi kowa ya kasance a bakin gadon majinyaci.

"Ka sake makara ko sau ɗaya," in ji Dakta Rashida, "ba zan sa hannu a littafinka ba. Sai ka maimaita shekara." Ko murya ba ta ɗaga ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

Barcin Nu'uman kuwa ba na wasa ba ne. A jami'a abokan ɗaki ke yayyafa masa ruwa, a nan kuma shi kaɗai ne a ɗakin haya. Ya saita ƙararrawar waya sau biyar, ya jefa wayar cikin kwanon sha don ta ƙara amo. Maƙwabta suka farka, awaki suka farka, likitan gobe yana ta minshari. Abin da ke ɗaure masa kai shi ne, a gida Yasore, a ɗakinsa na jikin madafa, bai taɓa kaiwa fitowar rana a kwance ba. Ya yi nazari irin na masu ilimi, ya yanke cewa iskar ƙauye ce.

Ranar Juma'a ya kira gida. Mahaifinsa, Malam Salmanu, ya saurari kukansa, ya ba shi addu'o'i uku. Nu'uman ya roƙa a miƙa wa Inna wayar. Inna Safiyatu ba ta karɓa ba, dama ba ta karɓa. Shi ne ɗan fari, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "wancan". Daga nesa ya jiyo ta tana cewa a kore kaji daga shanya. Ya saba da kunyar nan tata, amma ranar ta yi masa zafi har zuciya.

Litinin, ana sallame sallar asuba, wata ta fara daka a bayan bangon ɗakinsa, daidai saitin kansa. Dum, dum, sai tafi ɗaya, sai dum. Ya zabura ya miƙe. Ƙarfe bakwai yana asibiti, ya riga mai shara. Dakta Rashida ta dubi agogo har sau biyu.

Haka dakan ya ci gaba, ba Asabar ba Lahadi. Kada a ɗauka Nu'uman ya gode. Kullum da tsaki yake tashi, yana mitar mutanen da ba su san darajar barcin ɗan boko ba. Gidan da ke bayan bangon na Kaka ne, wata tsohuwa mai zaman kaɗaici wadda buta ma da ƙyar take ɗagawa, don haka ya ɗauka ta samu 'yar haya mai sana'ar fura. Furar dai bai taɓa ganin an fito da ita ba. Shi da ake koya wa ƙwanƙwasa ƙirji ya bambance mai ruwa da mai iska, ya lura amon turmin irin na mai iska ne. Ya ce ƙila turmin ne babba.

A waya kuwa Malam Salmanu ya koma ƙorafin tuwon matar ƙanensa. "Tsohuwar taka ta tafi ganin dangi, ta share wuri ta zauna," in ji shi. Nu'uman bai tambayi wane dangi ba, hankalinsa na kan littafi.

Juma'ar ƙarshe Dakta Rashida ta sa hannu. Ya kwanta da niyyar ramuwa, ya kashe waya, ya yi alkawarin sai azahar.

Da asubar Asabar, dum, dum, tafi, dum.

Ya zura takalmi, ya zagaya ƙofar Kaka da jawabin da ya shafe mako biyar yana shiryawa. Ya rafka sallama sau uku. Daga kan tabarma tsohuwar ta ce ya shigo.

Turmin na manne da bangon ɗakinsa, babu ko ƙwayar gero a ciki. Inna Safiyatu ta jingine taɓarya, ta kau da kai gefe kamar yadda ta saba shekara ashirin da huɗu, ta ce da Kaka, "A gaya wa wancan gari ya waye."