Tuhuma ta Uku a Kan Malam Tanimu

Tun da aka sa wa kantunan Zariya ƙofofi masu gane fuska, duk wanda aka kama da sata sau uku, babu ƙofar kantin da za ta sake buɗe masa. Malam Tanimu, tsohon tela, yana da biyu a kansa, ga ta uku ta zo: gwangwanin madarar jarirai.

Lauyarsa, Barista Lantana, ta kunna bidiyon kantin a ofishinta tana satar kallon tsohon. Ta saba da masu rantsuwar ƙarya.

"Baba, wannan ai fuskarka ce."

"Haka suka ce."

Sai ta lura cewa da hannun dama mutumin da ke cikin bidiyon ya ɗauki gwangwanin, alhali na Malam Tanimu a shanye yake bisa cinyarsa.

"Yaushe hannun nan ya shanye?"

"Shekara huɗu ke nan."

"To ba kai ba ne, har biyun farko ma. Me ya hana ka faɗa?"

Ya bi bangon ofishin da kallo. "'Yata, ɗakin nan yana ji?"

"Ba ya ji," ta ce, ko da yake ita ma ba ta da tabbas.

Ya rage murya. "Idan kika wanke ni, za su nemi mai kama da ni?"

"Za su nema."

"Ƙanena ne, Sabi'u. Matarsa ta rasu ta bar masa 'yan biyu. Ni 'ya'yana za su yi mini cefane. Shi wa zai yi masa? Rubuta na amsa laifi."

Ta daɗe riƙe da biro. Sannan ta kashe bidiyon, ta jawo takarda.