Hanyar Bayan Dutse

Tun safe Baba Abel, mai gadin dajin, yake kauce wa hanyar bayan dutse, kuma Dinah ta lura. Daga Zuru aka turo ta ta duba ko kamfanin katakon Alhaji Muntaka na sare itace bisa ƙa'ida, kafin a ba shi shaida. Ranta ya ba ta ɓarna ake rufewa.

"Baba, can za mu bi."

"'Yata, ki bari."

Ta yi gaba, Alhaji na biye. Babu kututture ko ɗaya, sai manya-manyan itatuwan maɗaci da zarto bai taɓa ba.

Alhaji ya shafa ɗaya yana murmushi. "Ashe akwai waɗannan?"

Tsohon ya dubi Dinah. "Ba ke nake ɓoye wa ba."