Sunan Ɗan Fari

"Ka ce mata ta kira sunana," in ji Haliru.

Abin da ya taso shi daga Kebbe a kan babur ke nan. A zauren taro na Tambuwal an tara tsoffin kaset da hotunan mutanen da suka rasu, na'ura ta koyi muryoyinsu, tana haska su a bango suna magana. Ga mahaifiyarsa da ƙwaryar nono a ka, shekara goma da rasuwa. Shi ne ɗan farinta, har ta koma ga Allah kunya ba ta bar ta ta ambaci sunansa ba.

Attahiru mai kula da na'urar ya danna. Tsohuwa ta jero ƙannen Haliru: Almu, Nasiha, Bashira. Da ta zo kansa sai ta kau da kai.

"Kai wane, wa ka bar ma shanu?"

Zaure ya ɗauki dariya.

"Yi haƙuri, Baba, kuskure ne," in ji Attahiru. "Yanzu nika gyara ta, dole ta faɗa."

Haliru ya riƙe masa hannu, idanunsa sun kawo ruwa.

"Bar ta, Malam. In ta faɗa, ba Inna ba ce."