Ranar da Man Shanu Ya Ƙi Narkewa

Doka ta ce duk garin da zafinsa ya ƙaru shekara goma a jere, a rufe shi, a kwashe mutanensa zuwa kudu. Kwarin Gawo ya cika tara. Yau za a kafa sakamakon ta goma a ƙofar kasuwa, motocin ƙaura kuwa tun jiya suka jeru a bakin gari.

Inna Tabawa ta ƙi zuwa, ta tura ɗanta Sha'aibu. Ita kuwa ta zauna cikin ƙullin kaya, ta zuba wa ƙoƙon man shanu ido a taga. Shekara talatin tana ajiye shi nan irin wannan rana, kuma kullum kafin hantsi ya dubi ludayi ya zama ruwa. Idan aka tafi, wa zai riƙa ziyartar kabarin mijinta?

Sha'aibu ya faɗo gida yana haki. "Inna, zafin ya sauka! Bai fi ƙwayar gero ba, amma wallahi ya sauka. Motoci sun fara juyawa!"

"Kai ne ke jiran takarda," in ji ta. "Ga azahar ta kawo jiki, man nan ko gezau."

Ta dangwala yatsa ta lasa, ta yi hamdala, idanunta suka ciko.

"Kwance kayan, ka mayar da gadon ubanka mazauninsa."

Da ya kai kan akwatin ƙarshe, ta dafe hannunsa.

"Bar wannan a ɗaure. Ƙidaya aka sake daga fari, ba yafe mana aka yi ba."