Rabin Ludayi

Zamanin Nasara ne, ranar da Inna ta dawo Tsibiri daga asibitin Maraɗi. Da la'asar tana dama mini fura, ludayin yana ta ƙwanƙwasa bakin ƙwarya. Haka hannunta yake, da ta ɗaga abu sai rawa. Maƙwabta suna cewa iskoki ne.

"Likita ya ce ba iska ba ce," in ji ta. "Gado ne, daga babana."

Ta kama hannuna, ta daɗe tana dubansa.

"In rawar nan ta zo miki, 'yata, ki yafe mini. Ki riƙa ɗebo rabin ludayi, ba ta zubewa."

Ta zo, Inna. Rabin nake ɗebowa, kuma har yau ban ga abin yafewa ba.