Gaisuwar Inna Kande

Tun da aka kafa na'urar sauraro a lunguna, komai ya sami iyaka. Takan auna dariya da gaisuwar 'yan unguwa, ta ja layi biyu da yawancinsu ke tsakani. Wanda ya fita layi, mota ke zuwa ɗaukarsa. Gidan Jibo mai yawan dariya har yau da kwaɗo.

Inna Kande kuwa ba ta iya gajeriyar gaisuwa ba, har akuyar mutum sai ta tambaya.

Da safen nan 'yarta Lantana ta ga fitilar na'urar da ke ƙofarsu ta yi ja, alamar Inna ta fita layi. Ta yafa mayafi, ta bi gida-gida tana raɗa.

Da Inna ta fita cefane, mahauci ya ajiye wuƙa ya gaishe ta har jikoki. Unguwa ta wuni gaishe-gaishe, tuwo na ƙonewa, har layin ya matsa, fitilar ta koma koriya.

Inna ta dawo tana tsaki. "Mutanen nan yau sun cika surutu."

Lantana ta karɓi kwandon. "Sai haƙuri, Inna. Gobe ma haka za su yi."